Zama Iri-iri Ne: Kalmar "Sit" Daga Aji Zuwa Titin Elm



Wata Laraba cikin hunturun da ya wuce, ɗana na biyu ya dawo daga makarantar boko da 'yar takarda a jakarsa. Mahaifiyarsa ce ta ci karo da ita tana neman kwanon abincinsa. Layi biyu ne kacal daga malamarsu, kuma abin da ya tsaya mata a rai shi ne inda aka ce yaron "had to sit out" a darasin motsa jiki. Ta san "sit", ta san "out", ta haɗa su ta samu "zama a waje". Ranar kuwa sanyi ake yi mai ratsa ƙashi, har raɓar da ta kwanta a gilashin mota ta daskare. Kafin in tashi daga aiki ta kira ni sau uku: an fitar mana da yaro waje cikin wannan sanyi, gobe sai mun je.

Ni ma raina ya ɓaci. Allah ya taimake ni na zaunar da yaron na ce ya ba ni labari tun daga farko. Ya ce, "Baba, ba waje aka kai ni ba fa. Takalmin gudu na manta, shi ne aka ce in zauna a benci in yi kallo." A cikin zauren wasan, da ɗuminsa da komai. Da mun yi sammako da faɗa a bakinmu, da mun sha kunya, kuma da mun ɓata da malamar da ba ta yi mana laifin komai ba.

Tun daga ranar na sa wa kalmar nan ido. Harafi uku ce, kuma tana cikin kalmomin farko da ake koya wa kowa. Mu da muka yi firamare a Nijeriya daga bakin malami muka fara jin ta, yana cewa "stand up, sit down", muna tashi muna zama kamar an ɗaura mana zare. Ashe wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinta. Na riƙa tsintar ta a wurin aiki, a asibiti, a tashar bas ta Depot, da cikin takardun da ke shigowa gida, sai na ga ya dace in kawo abin da na tara a wannan shafi.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, a Turanci 'yar ƙaramar kalmar da ke bin aikatau ita ce ke juya ma'anarsa. Kada wannan ya ba mu mamaki, don mu ma haka muke yi da "ci". Baƙon da ya koyi cewa "ci" na abinci ne, ranar da ya ji an ce wane ya ci bashi, ya ci amana, ya ci jarrabawa, ya ci kasuwa, ya ci gaba, ai sai ya riƙe baki. To haka "sit" take. In ka gan ta, kada ka yi saurin fassarawa sai ka dubi wadda ke biye da ita.

Kafin nan, ga maganar furuci. Akwai "sit", akwai "seat". Ta farko aikatau ce, zauna. Ta biyu yawanci suna ce, wurin zama. Bahaushe yakan furta su iri ɗaya, kuma akwai dalili. Muna bambanta gajeren wasali da dogo sarai, shi ya sa ba ma rikita garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuwo da shi. Amma a Hausa dogon wasali ba ya zama a gaɓar da ta ƙare da baƙi, sai harshe ya gajarta shi da kansa. Ɗaliban tajwidi kun fi kowa sauƙin gyara wannan: ku ɗauka "sit" kasra ce kawai, "seat" kuma kasra ce da ya'un madda. Abin da ya wuce kuma "sat" ne, ba a cewa "sitted". Sai dai ba kowace "sat" ce zama ba. "Sat." da ke jikin ƙofar ɗakin karatu na titin Church gajarta sunan Asabar ce, SAT kuma da manyan baƙaƙe jarrabawar neman shiga jami'a ce, ba ruwanta da kujera.

Yanzu ga ladabi, kuma yara da ku nake. "Sit down" umarni ne. Malami zai faɗa wa ɗalibi, uwa za ta faɗa wa ɗanta, amma ba a tarbar babba da ita haka tsurarta. "Sit!" ita kaɗai kuwa, a ƙasar nan kare ake faɗa wa. Na taɓa jin yarinya ta ce wa baƙuwar mahaifiyarta haka, da zuciya ɗaya, don a kanta ta fassara "zauna" ne. In baƙo ya shigo, a ce "please have a seat", wato daidai da namu "bismillah, ga wuri". A asibiti ko ofis za ka ji "take a seat". Ba cewa aka yi ka ɗauki kujerar ba, ka zauna ka jira a kira ka. Tunda mun taɓo "seat", iyaye masu ƙananan yara su tuna "car seat" da "booster seat": dokar Karolina ta Arewa ta ce yaron da bai kai shekara 8 ba kuma nauyinsa bai kai fam 80 ba, wato kusan kilo 36, dole a ɗaure shi a kujerar yara da ta dace da shi.

"Sit up" a nan yawanci na nufin ka miƙe zamanka, ka daina kishingiɗa. A Nijeriya kuwa in shugaban ma'aikata ya ce maka "sit up", gargaɗi ne, wato ka shiga taitayinka ka dage da aiki. "Sit still" kada ka motsa. "Sit back" ka jingina ka saki jiki, amma in an ce wani ya "sit back" alhali abu na lalacewa, zargi ne, ya naɗe hannu ya zuba ido. "Sit through" zaman haƙuri ne, ka jure dogon taro ko jawabi har ƙarshe ba don yana maka daɗi ba.

Wadda ta taɓa kayar da ni ita ce "sit tight". Shekarata ta farko a garin nan, na je wani ofis gyaran takarda, ma'aikaciyar ta karɓa ta ce mini "sit tight". Na san "tight" matsatsi ne, sai na koma benci na takure a gefe, na haɗe gwiwoyi, ina zaton wasu za su zo a matsa musu. Babu wanda ya zo. Abin da take nufi shi ne in dakata, kada in tafi, kada in yi komai tukuna. Likita ko lauya na iya gaya maka haka ta waya kana tsaye a kicin. Abin dariya, jaridun Nijeriya na kiran shugaban da ya ƙi sauka daga mulki "sit-tight", ka ga can kalmar ta zama ta zargi, a nan kuwa shawara ce.

"Sit out" mun riga mun sha ta: a yi abu ba da kai ba, kana gefe. Ɗan ƙwallon da ya ji rauni zai "sit out" wasa ɗaya ko biyu. Kishiyarta ita ce nake so kowane uba da kowace uwa su haddace, wato "sit in on". Ma'anarta ka halarci aji ko taro a matsayin mai saurare. In kana son ganin yadda ake koyar da ɗanka, ko kana son wani ɗan'uwa mai jin Turanci ya raka ka ganawa da malamai, wannan ita ce kalmar da za ka nemi izini da ita. Kowace makaranta da tsarinta, amma tambaya ba laifi ba ce, kuma sau da yawa rashin sanin yadda za a tambaya ne ke hana mu. In kuma aka ce "sit in for", to wani ya riƙe wa wani wuri ne na ɗan lokaci, kamar na'ibi.

Ba mutane kaɗai ke zama a Turanci ba. Gida yana "sit" a kan kwana, mota tana "sit" a gareji wata uku ba a tayar da ita ba. A jikin kwalin abinci ko maganin shafawa za ka ga "let it sit for 5 minutes", wato a bar shi ya ɗan jima kada a taɓa, kamar yadda ake barin ƙullu ya kwana ko shayi ya jiƙa. In an ce wani jami'i yana "sitting on" takardarka, ya danne ta ne ya ƙi turawa gaba. Mu ma ai mukan ce ya zauna a kan maganar. In Ba'amurke ya ce abu "doesn't sit well" da shi, abin bai kwanta masa ba. Ku lura, su a wurinsu magana zama take yi a rai, mu a wurinmu kwanciya take yi. Mai "sitting on the fence" kuwa, wanda ya hau katanga ya zauna, shi ne ɗan ba-ruwana da ya ƙi bayyana ɓangaren da yake.

Maganar jarrabawa gajeriya ce. Mu da muka taso da Turancin Ingila mun saba da "sit for an exam", har muka mayar da ita Hausa muka ce zaunawa jarrabawa. Yaranmu a nan "take a test" suke cewa. Ba a cika jin "sit for" ba sai a manyan jarrabawoyin sana'a, kamar ta lauyoyi da ta akantoci. In ɗanka ya yi maka dariya, ba kuskure ka yi ba, Turancin wata ƙasa ka yi.

Sai "babysit". Ba zama a kan jariri ba ne, raino ne na 'yan sa'o'i, galibi da biya. Daga ita aka samu "house-sit", tsaron gidan wanda ya yi tafiya, da "pet sitter", mai kula da kare ko kyanwar wani. Na daɗe ina tunanin me ya sa ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ita. Ina ganin don ba mu buƙace ta ba ne. A gidan da na tashi akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan maƙwabta, yaro ba ya rasa idon babba a kansa, kuma ba wanda zai kawo maka lissafin awa. A nan kowa da ƙofarsa a kulle, shi ya sa zaman ya zama sana'a.

Akwai wata 'yar'uwar "sit" da ake rikita su, ita ce "set". Asalinsu ɗaya, kuma dangantakarsu irin ta "zauna" da "zaunar" ce: kai ne kake "sit", amma wani abu kake "set", ka ajiye shi ka daidaita. 'Yan ajin sarfu za su gane nan take, don ita ce dangantakar "jalasa" da "ajlasa".

Daga nan kalmar ta fara nauyi. Duk wanda ya bi ta titin Market a tsakiyar gari ya ga ginin kotun gundumar Guilford. Ana kiran Greensboro "county seat", wato mazaunin hukumar gunduma, kuma dalilin kafa garin ke nan tun farko: a 1808 aka zaɓi wuri a tsakiyar gundumar don kotu ta zauna inda kowa zai iya isowa, aka sa masa sunan Janar Nathanael Greene. Ɗan majalisa yana da "seat", yana iya cin ta ko ya rasa ta a zaɓe, kamar yadda muke cewa kujera. "Sitting president" shi ne shugaba mai ci. Ku duba nan ma: su shugabansu zaune yake, namu ci yake yi.

Ita kanta kalmar "president" daga Latin ta fito, daga kalmomi biyu masu nufin zama a gaba, wato mai zama a gaban taro. "Session", zaman majalisa ko na kotu, daga wannan tushe take. Haka "resident". Wanda ke da katin zama na dindindin ya ciro shi ya duba, zai ga an rubuta "Permanent Resident". In aka bi kalmar zuwa asalinta, abin da ta ce shi ne mazauni, daidai da yadda Bahaushe zai faɗa.

Wata rana kuma takarda na iya zuwa daga waccan kotu tana kiran mutum ya zo ya "sit on a jury". Wannan shi ne zama cikin mutum 12 da ke sauraron shari'a su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi. Sai ɗan ƙasa wanda ya kai shekara 18 ke yin sa. In takardar ta zo maka alhali ba ka zama ɗan ƙasa ba, kada ka jefar da ita, kada kuma ka je ka yi shiru. Ka amsa ta hanyar da aka nuna a jikinta, ka bayyana matsayinka. Yara masu karanta wa iyayensu wasiƙu, wannan tana cikin waɗanda ba a ajiyewa sai gobe.

Abin da ya fi burge ni shi ne da na waiwayi Larabcin da muke koya a makarantar nan, sai na tarar da hanya ɗaya aka bi. Daga "jalasa" aka samu "majlis", wurin zama, mu kuma muka ara muka ce majalisa. Kalma ɗaya ta ɗauki Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, ta kuma ɗauki majalisar dattawan unguwa da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar. Larabci na da wani aikatau na zama, "ƙa'ada". Wasu malaman lugga sun ce bambancinsu shi ne wanda ke tsaye in ya zauna ya yi "ƙa'ada", wanda ke kwance in ya tashi zaune ya yi "jalasa". Daga "ƙa'ada" aka samu "ƙa'ida", tushen da gini ke zaune a kai, sannan dokar da ilimi ke zaune a kai. Ritaya a Larabci "taƙa'ud" ce. Watan Zulƙida ma daga nan sunansa ya fito, don wata ne da Larabawa ke zama su bar yaƙi.

Hausa kuwa ba a bar ta a baya ba, ina ma ganin ta fi su yawan rassa. Muna da zaman lafiya, wanda aka ce ya fi zama ɗan sarki. Muna da zaman aure, zaman makoki, zaman kotu, zaman jira. Marar aiki yana zaman kashe wando. Waɗanda ba sa ga maciji amma dole ta haɗa su suna zaman doya da manja. Sannan "zama" ɗin nan dai ita ce ta rikiɗa, yaro ya zama malami. Yaron da ya san waɗannan a harshen gidansu ba zai yi mamakin "sit tight" ba. Wanda bai san su ba kuwa, ya yi asara biyu.

Na bar guda ɗaya sai ƙarshe, don ita ce ta garinmu. In ka tsaya a titin South Elm, daidai inda ya haɗu da ɗan titin da ake kira February One Place, za ka ga tsohon kantin Woolworth, sunan na nan a goshin ginin. A ciki akwai doguwar kanta ta cin abinci mai kujeru fiye da 60. Har zuwa 1960, baƙar fata na iya shiga kantin ya sayi littafi ko sabulu, a karɓi kuɗinsa, amma ba shi da damar zama a kujerun nan a kawo masa abinci. In yunwa ta kama shi, sai dai ya saya a tsaye. Wato ba cinikinsa aka ƙi ba, zamansa aka ƙi.

Ranar Litinin 1 ga Fabrairu 1960 da yamma, ɗalibai huɗu 'yan shekarar farko a kwalejin A&T suka tako da ƙafa daga makarantarsu: Ezell Blair Jr., Franklin McCain, Joseph McNeil da David Richmond. Babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu. Suka sayi 'yan ƙananan kaya irin su man goge baki, suka riƙe rasit, sannan suka je kantar suka zauna, suka nemi a ba su gahawa. Aka ce ba a ba baƙar fata a nan. Suka nuna rasit, ga shi yanzu aka karɓi kuɗinsu a kantin nan. Aka ce su tashi. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga hannu ba, ba su kuma tashi ba har aka rufe kantin.

Washegari suka dawo su fiye da 20. A rana ta huɗu sun kai ɗaruruwa, da 'yan matan kwalejin Bennett a cikinsu, waɗanda da yawa suna cikin masu tsara abin tun farko. Suna zuwa da littattafansu, su zauna suna karatu, ana zaginsu ana tsokanarsu ba sa tankawa, in lokacin darasin wani ya yi ya tashi wani ya maye gurbinsa. Cikin 'yan kwanaki abin ya kai Winston-Salem da Durham, sannan Nashville, kafin ƙarshen Maris ya bazu birane fiye da 50. Da aka yi hutun kwaleji, ɗaliban sakandaren Dudley suka karɓa. Yara, ku sake karanta wannan layin: 'yan sakandare ne, sa'o'in yayyenku. Ciniki ya faɗi, kuma ranar 25 ga Yuli 1960 kantin ya sauko. Waɗanda aka fara ba abinci a kantar ma'aikatan kantin ne baƙar fata, waɗanda suka yi shekaru suna dafawa suna wanke kwanuka a wurin da ba su isa su zauna ba. Kwana tara bayan haka Nijar ta samu 'yancin kai, Nijeriya kuma ta bi baya ranar 1 ga Oktoba. A 1964 aka yi dokar da ta haramta irin wannan wariya a wuraren cin abinci da masaukai a faɗin Amurka.

Sunan wannan abu "sit-in". Ba a Greensboro aka fara shi ba. An yi a Durham a 1957, an yi a Wichita da Oklahoma City a 1958, kuma tun a 1936 ma'aikatan kamfanin motoci a Flint ta jihar Michigan sun yi yajin aikin da suka zauna cikin masana'anta suka ƙi fita, aka kira shi "sit-down". Amma daga titin Elm ne kalmar ta game duniya, har ta haifi 'ya'ya: "wade-in" a bakin ruwan da aka hana baƙar fata wanka, "read-in" a ɗakunan karatu, "kneel-in" a majami'u. Faransanci ya ɗauke ta yadda take, shi ya sa 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda suke da yawa a garin nan, sun san ta tun daga rediyon Yamai kafin su zo. Larabci bai bi ta hanyar zama ba, ya ce "i'itisam", wato riƙe wuri gam. Ɗaya daga cikin huɗun nan, Ezell Blair, ya musulunta daga baya, kuma tun 1968 ake kiransa Jibreel Khazan.

An rufe kantin a 1993. Wani yanki na kantar da kujeru huɗu yana gidan tarihin Smithsonian a Washington, mafi yawan sauran kuma na nan inda suke, don ginin ya zama gidan tarihi, International Civil Rights Center and Museum, wanda aka buɗe ranar 1 ga Fabrairu 2010, shekara 50 cif bayan zaman farko. Na kai yaron nan mai takalmi wata Asabar. Ya daɗe yana kallon kujerun, ƙanana ne masu juyawa, ba wani abin a-zo-a-gani. Da muka fito ya ce, "Baba, to mene ne sit-in da Hausa?" Na ce zaman dirshan. Ya ce mene ne dirshan? Na ce shi ne mutum ya zube a ƙasa ya baje, ba tabarma, ba niyyar tashi, sai an biya masa buƙata. Ya ce ai su a kan kujera suka zauna. Na rasa amsar da zan ba shi a tsaye a kan titi, sai na ce ya tambayi kakarsa ranar Lahadi in mun kira gida. Ta ce masa dirshan ba a ƙasa yake ba, a zuciya yake, kuma shi ma ya iya, don ta ji labarin yadda yake yi in an ce ya ajiye waya.

Ga aiki ga ɗalibai kafin fitowa ta gaba. Kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko mahaifinsa "zaman" wani abu guda uku da ban ambata a nan ba, ya rubuto su da ma'anarsu, in ya iya ya kawo yadda za a faɗe su da Turanci ko Larabci. Masu jin Zabarmanci ko Fulatanci a gida su kawo nasu, muna so. A miƙa wa malamin aji.

Takalmin gudu kuwa, yanzu a bakin ƙofa yake kwana duk daren Laraba.